Dattijon da Ba Shi da Dagaci

A kasuwar Kuje, shekarar fari, ana rabon dawar agaji, kowa a bayan dagacin ƙauyensa. Wani dattijon Bafulatani, dogo, sanda a kafaɗa, yana zagaya layuka riƙe da ƙwarya, ya rasa inda zai tsaya. Da alama garkensa ya ƙare, kuma iyali na jiransa a ruga.

"Baffa, wane ne dagacinka?" in ji mai awo.

Dattijon ya dubi gabas, ya dubi yamma. "Yaro, ban gane ba. Masu karɓar jangali ba su taɓa yi mini wannan tambaya ba."

Mai awo ya dubi mudun da ke cike a hannunsa. Dattijon kuwa bai janye ƙwaryarsa ba.