Kwanon Ruwan Hajja Safara'u

Shekara talatin Hajja Safara'u ta yi tana markaɗen gyaɗa a Ajingi, kuma duk mai cewa mace ba ta san inji ba ya zo ya faɗa a gabana. Ni ƙanwarta ce. Kullum da safe takan ɗora kwanon ruwa a kan injinta. In rawar ruwan ta canza, sai ta kashe shi ta nemi dalili.

Ranar da ɗanta Muhyiddeen ya zo da dalleliyar mota daga Kano, unguwa ta cika. Ya bar ta a kunne, ya ɗaga murfin injin yana ta zuba: silinda takwas, turbo biyu, kwamfuta ke auna mata fetur.

Hajja ta kasa kunne, ta ce, "Motar nan tana ɗingishi."

Muhyiddeen ya ce, "Haba Hajja! Wannan fa ba injin markaɗe ba ne."

Raina ya ɓaci, ita kuwa ko a jikinta. Ta ɗauko kwanon ruwanta ta ɗora a kan injin motar. Wallahi muna kallo ruwan ya kwanta, ya zabura, ya kwanta, ya sake zabura!

Muka ɗunguma wajen bakanike a Gaya. Ya dinga zare fulogi ɗaya bayan ɗaya, na shida ya fito baƙi ƙirin, a mace. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar gareji!

Hajja ta zubar da ruwan, ta miƙa wa ɗanta kwanon.

"Ungo, ajiye shi kusa da kwamfutar taka."