Mai Tada Mataccen Batir

Autanmu mai gyaran batirin mota ne. Shagonsa na jikin nawa, ni ina ɗinki, shi yana narka dalma a kasko, hayaƙi na shigo mini har kan keke. Tun yana ɗan saurayi yake wannan aiki. Ruwan batir ya cinye masa riguna, da baƙin hannun nan yake cin abinci, in na yi faɗa ya ce, "Yaya, datti ai abokin sana'a ne." Direbobi na ji da shi, don batirin da kowa ya ce ya mutu, shi sai ya ɗora waya, in ya ga ɗan tartsatsi ya ce akwai sauran rai.

Abu ɗaya ya rasa, haihuwa. Ni 'ya'ya har rikita sunayensu nake, shi ko ɓari matarsa ba ta taɓa yi ba. Baiwar Allah ta sha jiƙe-jiƙe har ta rame, dangi kuwa kowa da irin kallon da yake mata. Auta mai kan tsiya ne, sai da furfura ta fara leƙo masa sannan ya yarda a gwada shi, ni na raka shi.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa kaɗan ne, yawancinsu ma ba sa motsi. Na mai lafiya kan yi 'yan kwanaki da rai a jikin mace suna jira, nasa tun a hanya suke gajiya. Ya ce zafin wuta da hayaƙin dalma na iya jawo haka, ya bar shago wata uku, jiki ya yi sababbi a sake dubawa.

Wallahi ya bari. Ya rufe shago, ya zauna a gida yana shan magani, yana taya matarsa tsintar wake kamar baƙo. Yarana in sun shiga gaishe shi, sai ya riƙe ƙaramin ya ƙi saki. Ni tausayinsa ya hana ni ma tsokanarsa.

Ranar gwaji na biyu na jira shi a benci. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya zauna kusa da ni, ya ce ya roƙi mai gwajin ya bar shi ya leƙa madubin duba ƙwayoyin da idonsa.

"Me ka gani?" na ce.

"Duk a kwance suke, Yaya. Guda ɗaya ne a gefe yana kaɗa jela. Na ce masa ga shi, akwai sauran rai. Ya ce a waje ba sa daɗewa." Ya murza tafin hannunsa, wanda ya yi fes a watannin nan. "Ban ɗauke ido ba har ya tsaya. Iyakar ganin da zan yi wa ɗana ke nan."



Washegari ina buɗe shago na ji warin dalma. Na leƙa, yana tsugune gaban kasko, ko tsumma bai ɗaura a hanci ba. Na ce, "Auta, hayaƙin fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Me kuma ya rage da zai kashe?"