Rediyo da Mai Makulli

A duk layin babu wanda bai san Rediyo ba. Mijinta, mai yankan makulli, shi ya laƙaba mata sunan tun suna amarci, don in ta buɗe baki da safe sai barci ne ke rufe mata shi. Ta yi faɗa da mai ruwa, ta yi da mai gawayi, har da kajin maƙwabta. Shi kuwa mutum ne mai tsadar magana. Yana shagonsa a bakin titi, ƙugiyoyi cike da makullai, injin yanka na ƙara, in ka gaishe shi ya ɗaga maka gira.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo a hankali, harshe ya ƙi. Likita ta ce a riƙa yi masa magana sosai.

"Wannan maganin kam a gida nake da shi," in ji Rediyo.

Amma surutu kaɗai bai yi ba. Ta zuba masa labarin duniya kaf, shi dai ido. Abin ya yi mata ciwo, ta sha kuka a bayan ɗakin girki. Sai wata rana ta lura da wani abu. In yana son a buɗe taga, yakan ce "buɗ". In ya gaji da tsayuwa, "zau". Ashe kalmomin ba su gudu ba, gindinsu na nan, kai da wutsiya ne suka kakkarye.

Ta daɗe tana ganin yadda yake aiki: ya ɗauki ƙarfe sumul, ya fitar masa da haƙora ɗaya bayan ɗaya har ya shiga kwaɗo. Ta ce to haka za ta yi masa. Takan ɗora masa makulli a tafin hannu ta ce, "Buɗ. Buɗe. Yanzu sa masa hula: ma-buɗi." In ƙofa ta wangale ta nuna masa: "buɗaɗɗiya". Daga "zau" suka kai zauna, suka kai mazauni. Daga "kul" suka samo kulle da makulli. Takan ja kalma ɗaya har mako ya zagayo, tana tsawa, tana lallashi. Kuma mace mai wannan bakin ta koyi yin shiru tana jira ya ƙarasa da kansa, wanda duk wanda ya san ta ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Matsalar ita ce duk abin da yake faɗa nata ne yake maimaitawa. Babban ɗansu ya lura da haka. Ran nan ya zo ya tsaya a tsakar gida ya ce a ba shi makullin shagon, akwai mai son shagon.

"Mama, Baba ba zai ƙara tsayawa da masu sayayya ba. Bin bakinki kawai yake yi."

Rediyo ta san mijinta. Kullum da safe sai ya lallaɓa ya shafa makullin shagon nan a jikin ƙusa. Ranar da aka cire shi, ranar zai daina ƙoƙari. Ta ɗaure zani ta hau ɗan nata da faɗa, tun daga ranar da ta haife shi har zuwa takalmin da ke ƙafarsa. Maƙwabta suka fara leƙe.

Cikin hayaniyar aka ji sanda na buga ƙasa. Mai makulli ne a bakin ƙofar ɗaki, yana nuna Rediyo.

"Faɗa," ya ce. Ya tsaya ya nisa. "Ma... faɗa... ciya."

Rediyo ba ta taɓa koya masa wannan ba. Shi ya ɗauko gindin, ya sa hular, ya ɗaura wutsiyar, ya kuma san wadda ya yanka wa.

Ɗan ya dubi ƙusar, ya dubi mahaifinsa, ya mayar da hannunsa aljihu.

Rediyo ta buɗe baki za ta rama, muryar ta ƙi fita. Ta zauna a kan turmi tana share hawaye da bakin zani.

"Sake faɗi, Maigida," ta ce.