Ranar da Muka Ɗauki Jirgin Baba Tanko a Ka

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da na sa ƙarti goma sha huɗu suka ciro jirgin fito daga ruwa, suka ɗora shi a ka suka nufi tudu da shi ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna ganin furfurata kuna ce mini Baba Heluma, kuna zaton da hankalina aka haife ni. To, ku gyara zama.

Saura shekara biyu a samu mulkin kai, ina ɗan shekara ashirin da shida, aka ba ni riƙon heluma a ofishin ayyukanmu na Dutsin-Ma. Heluma shi ne shugaban leburori. Shi ke karɓar takardar aiki, ya kira suna da safe, ya raba diga da shebur. Riƙo kuwa gwaji ne. In aikinka na farko ya yi kyau a tabbatar da kai, in ya lalace ka koma ɗaukar kwanon siminti tare da mutanen da ka yi watanni kana daka wa tsawa. Ni kuwa na daka tsawa da yawa, har da wadda ba ta da dalili, don haka komawar nan na fi tsoronta a kan kora.

Aikin da aka ba ni a wani mashigi ne na gulbin da ke tsakaninmu da ƙasar Kurfi. Da rani yashi ne zalla, jaki ma ba ya jiƙa kofato. Da damina kuwa in ya kawo ruwa, mutanen Birchi da Rawayau masu zuwa cin kasuwa sai an fitar da su. Mai fiton wani dattijo ne, Baba Tanko Sarkin Fito. Ubansa da gora da masaki ya yi sana'ar, shi kuwa ya samu jirgi guda na icen maɗaci, wanda yake ji da shi kamar ɗan fari. Turkensa na ice ne. Duk inda bakin ruwa ya tsaya nan yake kafa shi ya ɗaure jirgi, in ruwa ya matsa ya tumɓuke ya bi shi.

Gaɓar wurin tana zaftarewa, mutane suna santsi da kayansu, sai ofis ya ce a gyara. Takarda ta ce a jera duwatsu a gaɓarmu, a yi matakala, a kafa turaku uku na siminti masu zoben ƙarfe don ɗaure jirgi, a yi rumfar masu jira. Safiyo, mai awon ƙasa, ya zana wurin tun daminar da ta wuce. A ƙasan zanen akwai layi guda: a sake duba hanyar ruwa kafin a kafa. Na karanta shi sarai. Na je a watan Fabrairu na tsaya a bakin gaɓa, na ga yashi gabas, na ga yashi yamma, na ce na duba.

Babba a cikin leburorina sunansa Mati, ya girme ni da shekara ashirin. Ranar da za mu sa diga ya matso kusa ya ce, "Heluma, al'adar wurin ga, ba a taɓa gulbi sai an kai ma Sarkin Fito goro an zauna da shi."

Na ce na gai da dagaci, kuma takardata ba ta ambaci goro ba. Mati ya ce to, ya ɗauki digarsa.

Wata biyu muna aiki, kullum Baba Tanko yana zaune gindin wata kanya yana tufka igiya. In na wuce ya ce sannu da aiki, na ɗaga masa hannu kamar wani hakimi. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ruwan kwaɓa siminti. Mata na tona ramuka a cikin yashi su samu ruwa, amma ramukan duk suna can kusa da gaɓar Kurfi, taku ɗari uku daga inda muke. Leburori su je su dawo, rana ta yi. Na sa aka tona a gindin gaɓarmu har tsawon mutum, ko danshi babu. Na ce yashin ne ba shi da kirki, na ci gaba da zagin masu ɗebo ruwa a kan jinkiri.

Muka gama a watan Afrilu. Gaskiya gini ya yi kyau, ba don ni na yi ba. Muka shafe turakun da farar ƙasa, kuma tun simintin matakala yana ɗanye na samu ƙusa na rubuta sunana ɓaro-ɓaro. Baba Tanko ya taso ya zagaya wurin, ya ja zoben ƙarfe ya ji ƙarfinsa, ya ce, "Gini ya yi, Heluma. Allah shi sa ruwa shi gan shi." Na ce amin, ina jin daɗi an yaba mini.

Da gulbi ya kawo ruwan farko a watan Yuli na hau keke na tafi in ga jirgi a turkena. Tun daga nesa na ga ba lafiya. Ruwa ya zo, ya cika, yana ta gudu, amma can ya kwanta a gefen Kurfi. Tsakanin matakalata da bakin ruwa yashi ne fetal. Baba Tanko ya kafa turkensa na ice a can yana ta fito. Turakuna uku kuwa kowanne da jaki ɗaure a jikinsa. Wani mai jakin ya gane ni, ya zo ya riƙe hannuna biyu-biyu ya ce Allah ya saka wa hukuma da alheri, sun daɗe suna neman wurin ɗaure dabbobi.

Ba a yi mako biyu ba takarda ta zo cewa Malam Isiyaku, mai duba ayyuka, zai zo daga Katsina ranar Laraba ya ga jirgi a sabon turke, daga nan ya rubuta ko a tabbatar da ni. Na rasa ci na rasa sha. Daga bisani wata dabara ta zo mini, irin wadda shaiɗan ke ba mai tsoro. Gulbin nan yakan cika yau ya janye gobe. In Malam ya iske jirgi ɗaure a turkena a kan yashi, sai in ce jiya ruwa yana nan, janyewa ya yi. Zai biyo ta Dutsin-Ma ne, a lissafina, ya tsaya a rumfa ya duba ya juya.

A ranar ce na san hanyar kasuwar goro. Na je na durƙusa gaban Baba Tanko na ajiye ƙwarya guda. Ya dubi goron ya dube ni.

"Goro ya iso, Heluma, sai dai ya daɗe bisa hanya. Mi ke tafe da kai?"

Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa.

"Mu dai tun kakanni turke muke kai ma jirgi. Kai ko jirgi za ka kai ma turke." Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Ɗauka. Amma Laraba kasuwa ce, ka bari in fidda mutanen safe tukuna."

Ranar Laraba da hantsi muka taru. Wanda bai taɓa ɗaga icen maɗaci da ya sha ruwa ba bai san nauyi ba. Kowa ya naɗa gammo, muka ciro jirgi, aka yi bismilla aka ɗora. Ƙafa tana nutsewa cikin yashi, ruwa yana tsiyaya a wuyan mutane, ni ina gaba ina ba da umarni kamar mai jagorar makafi. 'Yan kasuwar da suka makara suka fara taruwa a gaɓar Kurfi suna kiran fito, suka ga jirginsu yana tafiya da ƙafa ashirin da takwas. Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta ɗaga murya tana tambaya ko jirgin ma kasuwa za shi.

Mun kai rabi ke nan Mati ya yi magana daga ƙarƙashin jirgi. "Heluma, dubi ƙetare. Mai laimar can."

Na waiwaya. Wani mutum ne tsaye a gaɓar Kurfi da farar riga da laima, jakar takardu a hammata. Malam Isiyaku ne. Ashe tun jiya ya sauka Kurfi duba wata rijiya, ya biyo ta can, kuma ba shi da hanyar isowa gare mu sai a jirgin da ke kanmu. Tun ɗorawarmu yake kallo.

Na ce a juya. Na gaba suka ji, na baya ba su ji ba, jirgi ya yi ta kewaya a tsakiyar yashi har sau biyu kafin ya san inda ya nufa. Muka mayar da shi ruwa, Baba Tanko ya ɗauki sandarsa ya je ya ɗauko baƙo.

Da Malam Isiyaku ya sauka bai kalle ni ba. Sai da ya rusuna ya gai da Baba Tanko, ya tambayi iyali da ruwa, sannan ya kama hanyar gini yana ƙirga takunsa a fili, mu da 'yan kasuwa muna biye. Ya isa, ya shafa bayan jaki guda, ya sunkuya ya karanta sunana a matakala.

"Heluma, ina za ku da jirgi ɗazu?"

"Ranka shi daɗe, shanya shi za mu yi."

"Da damina." Ya buɗe jaka ya ciro zanen, ya ɗora yatsa a layin ƙasa. "Ka duba hanyar ruwa?"

Na sunkuyar da kai. Leburorina suna tsaye da gammo a hannu, kowa wuyansa a sanƙare, ina ganin yadda wasu ke haɗiye dariya. Malam ya juya wajen dattijo.

"Baba, yaron nan ya zo wurinka kafin ya kafa?"

Na rufe ido, don na san kwanon siminti ya riga ya hau kaina.

"Ya zo, ranka shi daɗe," in ji Baba Tanko. "Ni na nuna mashi nan. Na ɗauka bana ruwa nan zai biyo. Tsufa ne, ido ya fara ragewa."

Sai wani jaki da ya ga dama ya yi kuka. Malam Isiyaku ya daɗe yana duban tsohon. Ya ce, "Ashe Sarkin Fito ma yana ɓatan hanya," ya yi rubutu a takardarsa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce shi ma ɗan bakin gulbi ne, ya san abin da ya gani, ya kuma san abin da ya ji. Ya ce zai rubuta a tabbatar da ni, amma ba don gini ba.

An tabbatar da ni a watan Satumba. Baba Tanko kuwa ya shiga bakin duniya. Duk wanda ya hau jirginsa sai ya tambaye shi ko ya ga gulbi yau, ko a nuna masa. Abokan wasansa har laƙabi suka yi masa, Mai-ɓatan-gulbi. Yana jin su yana murmushi yana tura jirginsa, ni kuwa duk sanda na ji sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na koma gindin kanyar na tambaye shi yadda ya san ruwa zai bar gaɓarmu.

"Inda mata ke samun ruwa da rani, nan gulbi ke kwance, nan zai tashi da damina. Wata biyu mutanenka na ɗebowa daga can kana zaginsu. Ka tona nan ba ka samu ba. Mi kuma ya rage a hwaɗa maka?"

"Baba, da ka yi mini magana."

"Ba ka tambaya ba. Mai takarda a hannu ba a tarar shi da zance."

Na ce to me ya sa ya ɗauki laifin da ba nasa ba a gaban jama'a.

"Ni shekara arba'in an san ni a gulbin ga, ɗana. Dariya ba ta rage ni da komi. Kai ko ba a san ka ba tukuna, da wannan za a fara saninka."

Na yi shekara talatin bayan haka ina gina gadoji da kwalbatoci da gaɓar ruwa. Ban sake sa diga a ƙasa ba sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa a wurin na zauna a gabansa, ko makiyayi ne, ko mai wanki, ko tsohuwa mai ɗebo ruwa. Zane yana nuna inda ruwa yake ranar da safiyo ya zo ne kawai. Mutanen wuri sun san sauran, amma suna da kunya, in ba ka sauko ka tambaya ba za su yi maka addu'a su bar ka ka gina.

Laƙabin nan ya bi Baba Tanko har kabari, har jikokinsa ana tsokanarsu da shi. Bai taɓa warware zancen ba, ni ma na yi shiru ina cin albashin heluma, kuma wannan shirun ya fi ɗaukar jirgi ba ni kunya. Ku ne farkon waɗanda na faɗa wa. In hanya ta bi da ku mashigin nan kuka ji ana zancen, ku gyara musu. Sarkin Fito bai taɓa ɓatar da gulbinsa ba, ni ne.