Ranar da Baffa Ya Shiga ta Zaure

Har yau in na ji ƙarar ƙaramin janareto, sai hancina ya fara neman ƙamshin dafaffiyar gyaɗa. Haka Juma'a take a unguwarmu a Karaye sa'ad da nake firamare. Ana idar da magariba shugaban makarantarmu zai fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida ya ɗora a benci, mu yara mu zube a ƙasa da gyaɗa a bakin zani. Ni can baya nake raɓewa, don kada a ce ga 'yar gidan mugun nan.

Mugun kuwa baffana ne, ƙanin mahaifina. A wasan kwaikwayon da ake nunawa, shi ne mai awon hatsi da ya lotsa gindin tiyarsa yana cutar mata. Ya iya abin ƙwarai. In ya kanne ido ya shafa gemu, har tsofaffi sai sun yi tsaki. A gida kuwa ko kaza ba ya iya yankawa.

Kakanmu shi ne mai unguwa, a zaurensa ake sulhu. Wata rana lokacin cirar gyaɗa, wata tsohuwa ta taso tun daga Zoza ta durƙusa a gabansa. Ina bakin ƙofa riƙe da butarsa.

"Ranka ya daɗe, ƙarar ɗanka na kawo. Da idona na ga ya danne wa marainiyar nan gero. In ba ka tsawata masa ba, wa zai tsawata?"

Zaure ya ɗauki dariya, aka yi ta yi mata bayani. Kakana bai yi dariya ba. Ya ba ta goro ya sallame ta. Da baffa ya zo hutun sallah, sai kakana ya ce masa wanda ake kawo ƙararsa ba zai riƙa ratsa zauren sulhu ba. Tun daga ranar baffa ya koma shiga gida ta ƙofar baya, wadda ke gefen turken awaki. Gaisuwa ma daga bayan katanga yake miƙawa, a amsa masa a gajarce.

Ana nan aka daina shirin. Baffa ya dawo daga Kano da jaka ɗaya, ya kama noman gyaɗa a gonar dangin kakata a Ruwan Bago. A kasuwa mata ba sa yarda ya taɓa musu tiya. Shekaru suka ja, gemun nan ya fara fari. Amma na lura da wani abu. Duk ranar da yake gida, yakan kifa turmi a jikin bangon zaure ta ciki ya zauna, wai yana gyaran ƙotar fartanya. Fartanyar ba ta taɓa gyaruwa ba. Sauraron kakana yake yi, laɓɓansa na motsi. Ban faɗa wa kowa ba.

Ina sakandare wasu samari suka zo neman dattijon da zai fito a matsayin mai unguwa a sabon shiri. Baffa ya bi su. Ranar da aka fara nunawa, sai ga shi a kan buzu. Ya gyara murya, ya tura hula baya, ya zuba wa ƙafafun masu rigima ido kafin ya dubi fuskokinsu. Ni da ko a aji ba a jin muryata, ban san sa'ad da na miƙe ba.

"Wallahi Kaka ne!"

Kowa ya waiwayo. Na ja mayafi na rufe fuska.

Shirin ya karɓu, har a wayoyi ake tura shi. Kakana, wanda bai taɓa zama gaban talabijin ba, ya kira ni wata safiya.

"Amaryata, zo nan. An ce wai ina cikin wayar yayanki."

Na riƙe masa wayar. Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce, "Mayar baya."

Da damina ta sauka baffa ya zo gida, ya nufi ƙofar baya kamar kullum. Sai muryar kakana ta fito daga zaure.

"Kai, ina za ka? Akuya ce kai?"

Baffa ya tsaya cak. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Shigo. Ka yi kuskure a wasan nan. Ni da hannun hagu nake tura hula. Kuma ba na yanke magana sai kowa ya sha ruwa."

"Zan gyara, Baba."

"Ka gyara mana. Kada ka ba ni kunya duniya na kallo."

Ya matsa gefe a kan buzun, ya cire hularsa ya ɗora wa baffa a ka. Na sha ganin baffa yana kuka a talabijin, amma ban taɓa ganin kafaɗunsa na girgiza haka ba. Daga cikin gida kakata ta rangaɗa guɗa.

Yanzu kakana ya riga mu gidan gaskiya. An shafe zauren da siminti, rigingimu kuma kotu ake kai su. Ba wanda ke fito da talabijin ƙofar gida, kowa na sunkuye a kan wayarsa. Baffa da sanda yake tafiya, matasan 'yan wasa na zuwa takanas daga Kano su gaishe shi. 'Ya'yana ba su riski kakana ba. Amma in ƙanana suka yi faɗa, babbar sai ta zauna ta gyara murya, ta ce ba za a yi magana ba sai kowa ya sha ruwa. Ita a ganinta baffa take kwaikwayo. Ni dai na san wanda ke zaune a tsakar gidana.