Ranar da Baba Ya Ce In Faɗi

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba na jin zan manta da yammacin da mahaifina ya miƙe a gaban mutanen garinmu ya ce in faɗi ƙasa. Wanda bai san gidanmu ba zai ce to mene ne a ciki, don haka bari in ɗan koma baya tukuna.

Ƙauyenmu yana kusa da Zakirai, irin ƙauyukan nan da gonar wannan ke manne da ta wancan, ba abin da ya raba su sai layin gamba. Gidanmu gidan kokawa ne. Kakana ya yi, Baba ya yi, kuma in ka ɗan jima a zaune da Baba sai ya gaya maka cewa tun da ya fara shiga fili gwiwarsa ba ta taɓa kai wa ƙasa ba. Abokansa ba sa musa masa. Sai dai akwai wani tsoho mai sayar da goro da kan yi gyaran murya ya ce, "Ko an samu ruwa a Gezawa bana?" Da ya faɗi haka sai Baba ya tuna yana da aiki a gona. A lokacin ban taɓa gane abin da ya haɗa ruwan Gezawa da kokawa ba.

A kokawarmu ba sai bayanka ya kai ƙasa ba. Ka dafa da hannu ko ka sa gwiwa, shi ke nan, ka sha kaye. Da wannan aka raine ni. Baba yakan ce, "A gidan nan abu biyu ke kai gwiwar namiji ƙasa, salla da gaida manya." Inna ta ce tun ina koyon tafiya, in na faɗi ita ce ke cewa sannu, shi kuwa sai ya kau da kai kamar bai san ɗan waye ba. Na tashi ina tsoron ƙasa fiye da yadda nake tsoron bulala, kuma har na kai ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ba sa'ana da ya taɓa ka da ni. Mutum ɗaya ne ya tsaya min a wuya, wani gajeren yaro kakkaura daga ƙauyen ƙetaren rafi. Duk karawar da muka yi canjaras muke tashi, kuma garuruwan biyu kowa na jiran ranar da za a raba gardama.

Karatu kuwa, na san inda zai tsaya. An riga an gama magana cewa in na kammala ajin zan bi kawuna Dawanau in riƙa dakon buhunan hatsi, tunda Allah ya ba ni ƙirjin yin haka. Ina son makaranta, musamman darasin kimiyya, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ban ga amfanin faɗar ba.

Bayan an gama yankan dawa sai malaminmu na wasanni ya zo da labari. Wata makarantar kuɗi ta kwana a Kano tana neman yara don ƙungiyarta ta ƙwallon zari-ruga. Wanda suka ɗauka, karatunsa da cinsa da kwanansa duk a kansu har ya gama babbar sakandare. Kocinsu ya ce yaran birni suna da gudu amma ba su san riƙo ba, shi ya sa yake yawo ƙauyukan da ake kokawa da langa. A duk yankinmu waɗanda zai ɗauka ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba.

Da na kai labarin gida, Inna ta ajiye muciya ta dube ni.

"Zari me?"

"Zari-ruga, Inna."

"A zari abin mutane a ruga? Shi ne har da makaranta? To su waɗanda ke yi a kasuwa a ina suka yi tasu?"

Sai da malamin ya zo da kansa ya nuna mata a waya kafin ta yarda ba horon ɓarayi ba ne. Ta kalli ƙwallon ta ce ko ƙwallon ma ba ta da saiti, kamar gwandar da aka zauna a kai. Baba bai kalli wayar ba. Ya ce in je, in dai ƙarfi ake nema, ai gida suka zo.

Ranar gwaji aka taru a filin firamare, an ja layuka da toka. Kocin wani dogo ne mai sanyin magana, ba ka ce shi ke koyar da wasan ture-ture ba. Ya raba mu gida biyu, ya yi mana bayani. Za ka ruga gaba da ƙwallo, amma in za ka ba ɗan'uwanka sai dai ka jefa masa ta baya. In ka ƙetare layin ƙarshe ka dafa ta a ƙasa, ka ci. In kuma abokin hamayya ya kama ka, kada ka tsaya gardama: ka faɗi a kan gefenka, ka juya bayanka ga abokan hamayya, ka ajiye ƙwallon a bayanka 'yan'uwanka su ɗauka su ci gaba. Wannan na ƙarshen na ji shi sarai, amma na ɗauka da raunana yake.

Da farko abin ya yi min daɗi. Na karɓi ƙwallo na ruga, yara biyu suka rataye a jikina, na ja su har na ƙetare layi. Na tsaya ƙyam na ɗaga ƙwallon sama, mutanen garinmu suna ta tafi. Koci ya busa usur ya ce ba a ci komai ba, sai ta taɓa ƙasa. A karo na gaba na sunkuya na dangwala ta da kan yatsu kamar mai taɓa tukunyar da ke kan wuta, ya yi murmushi ya karɓa.

Matsalar ta zo ne lokacin da ɗan ƙetaren rafi, wanda aka sa a ɗaya ɓangaren, ya shigo min ta ƙasa ya rungume cinyoyina. Jikina bai nemi shawarata ba. Na buɗe ƙafa, na kafe, na ce yau sai dai a mutu a tsaye. 'Yan ɓangarena suna bayana suna kiran in sauke musu, ni kuwa ina kokawa. Yara suka taru a kaina, wani ya maƙale min wuya, wani ya fizge ƙwallon ya tafi da ita. Haka aka yi ta yi duk safiyar. Ban faɗi ko sau ɗaya ba, kuma ɓangarenmu bai amfana da ni ko sau ɗaya ba in dai an kama ni. A ƙarshe ma wani yaro ya bugu a haƙarƙari a cikin cunkoson da na jawo.

Da aka tashi hutun azahar koci ya kira ni gefe.

"Samari, a duk filin nan ba wanda ya kai ka ƙarfi. Amma ba zan tafi da wanda bai iya faɗuwa ba. Irinka ne ke karyewa, ko ya karya ɗan mutane."

Na ce, "Yallaɓai, mu a gidanmu ba a faɗuwa."

Ya ce, "Na ji labarin gidanku. Akwai wasa ɗaya bayan la'asar, daga shi zan tafi. Ka je ka yi tunani."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, fuskarsa cike da jin daɗi, an gaya masa yara biyar sun kasa kai ɗansa ƙasa. Na faɗa masa abin da koci ya ce. Ya ce wane irin wasa ne wannan da ake koya wa yaro shan kaye, ya ci gaba da aikinsa. Na shiga ciki na zauna, abinci ya ƙi ciwuwa. Gaskiya ina son makarantar nan har cikin raina, amma in na tuna zan kwanta a ƙasa a hannun wancan yaron, a gaban Baba, sai in ji gara dakon.

Inna ta dube ni ta tashi. Ta ɗauki kwanon Baba ta kai masa zaure da kanta, abin da ba ta saba yi ba, kuma ina jin su ta katangar zana.

"Malam, yaron nan kai ka ɗaure shi. Ko ni ko kocin ba mai iya kwance shi."

"Na ce kada ya je ne?"

"Ba ka ce ba. Amma kai ma ka yi Dawanau. In sanyi ya shigo wa ke dafa maka ruwan gashin baya?"

Sai na ji Baba ya daina fiƙe ƙotar.

Bayan la'asar filin ya cika fiye da safe, don mutanen ƙetaren rafi sun ji ana neman raba tsohuwar gardama, sun zo har da makaɗinsu. Na hango Baba a gindin tsamiya tare da abokansa, mai goro na gefensa. Aka fara wasa. Na yi ta dabarar rabuwa da ƙwallo da wuri don kada a kama ni, koci yana kallona, na kuma san ya gane. Baba kuwa ba ni yake kallo ba. Daga baya ya gaya min yana kallon sauran yaran ne, yadda mutum zai faɗi, ya saki ƙwallo, ya miƙe ya bi sahu, ba wanda ya tsaya yi masa dariya a cikinsu.

Ana dab da tashi ƙwallo ta zo hannuna, fili a buɗe, layi yana gabana kaɗan. Ban ga ta inda ɗan ƙetaren rafi ya fito ba, sai dai na ji hannuwansa a cinyoyina. Na kafe kamar kullum. Makaɗinsu ya saki ganga, mutanenmu suna kiran in tsaya, nasu suna kiran ya ɗaga ni. Ina jin wani siririn yaro ɗan ɓangarenmu a bayana yana cewa in sauke, in sauke. A cikin wannan hayaniyar na ji muryar da ko a cikin kasuwa ba zan kasa gane ta ba.

"Faɗi mana! Kai, na ce ka faɗi!"

Na waiga. Baba ne a tsaye, ya fito daga inuwa har ya taka layin toka. Ban taɓa saɓa wa muryar nan ba, kuma ban fara a ranar ba. Na saki ƙafafuna, na tafi a kan gefena, na tura ƙwallon baya. Siririn yaron ya sure ta ya wuce ta kaina ya dafa ta a bayan layi.

Ina kwance ina jin ihun mutanen ƙetaren rafi, an ka da ɗan gidan kokawa. Na jira in ji duniya ta tashi, ba ta tashi ba. Ƙasa ce dai, da ɗumin rana a jikinta da ƙanshin karan dawa. Wanda ya ka da ni shi ya miƙo min hannu, yana haki yana cewa, "Wallahi na ɗauka itace na kama." Koci ya zo ya dafa kafaɗata ya ce in shirya zuwa Kano. Ya ɗauki ɗan ƙetaren rafi shi ma, da siririn yaron. Ɗaki ɗaya muka zauna da wanda ya ka da ni har muka gama, kuma har yau ba wanda na fi yarda da shi.

A hanyar gida Baba yana gaba ina biye. Abokansa sun riga sun fara yi masa tsiya, na san kuma zai daɗe yana shan ta a majalisa. Sai da muka zo tsakanin gonaki, ba kowa, ya tsaya ya juyo da ni ya kakkaɓe min ƙasar da ke bayan rigata.

"Yaya ka ji ta?"

Na ce, "Da tauri, Baba."

Ya ce, "Ta Gezawa ta fi ta tauri."

Na buɗe baki ina kallonsa. Ya ce in rufe bakin, kuma kada in sake in gaya wa uwata. Da na shiga gida na kasa riƙewa na gaya mata, ta ce ai ita ta gasa masa ƙugun a wancan karon ma.

Na gama sakandaren, na wuce gaba, yanzu ina koyar da kimiyya, da yamma kuma ina horar da yara zari-ruga. Duk yaron da aka kawo min, kafin ya taɓa ƙwallo sai na koya masa yadda ake faɗuwa. Abin da ranar nan ta koya min shi ne ba kowace faɗuwa ce kaye ba. Wani lokaci tsayuwar ce ke hana abin da ka riƙe ya yi gaba. Na kuma gane cewa ba ni na yi faɗuwa mafi wuya a ranar ba. Ni ƙasa kawai na taɓa. Baba kuwa sunan da ya yi shekaru yana tattali ya ajiye a gaban gari biyu, don in ɗauka in wuce.