Gurbin da Tsumagiya Ba Ta Gani Ba

Kakata Inna Kulu ba ta yi mana tatsuniya da fushi sai wannan guda ɗaya. A Argungu muke, shekarun da aka samu mulkin kai. Da an ci tuwo bayan magariba, mukan kewaye murhunta tana gasa mana gyaɗa. A daminar nan ruwa ya cinye shinkafarta ta fadamar Zauro. Masu safiyo ne suka kafa turaka jefi-jefi, suka zana fadamar sumul a takarda, aka bi zanen aka tare ruwa, ya kwanta a gonarta. Ta gaya musu akwai kwari a wurin. Dariya suka yi.

"Ku matso, ga ta nan tahe," in ji ta.

Wani sarki ne ya so garken garinsa ya ƙetare gulbi. Ya kira wani gwanin awo. Gwani ya soka gora wuri biyar, ko'ina ruwa iya gwiwa. Ya fito gaci ya kafa tsinke biyar, ya lanƙwasa tsumagiya ta bi kansu, ya ce haka ƙasan gulbin yake. Wata tsohuwa mai su ta ce tsakanin na uku da na huɗu akwai gurbin da ya haɗiye ƙanenta.

"Kun san mi yac ce mata?" Inna ta doki murhu da muciya. "Wai tsumagiyatai ba ta lanƙwasa nan ba. Wanga mutum ko ƙahwatai bai jiƙa wurin ba!"

Aka kora shanu, rabinsu suka nutse. Gwani ya ce gulbin ne ya saɓa wa awo. Sarki ya yi masa riga. Muka jira a hukunta shi, Inna ta ce tatsuniya ta ƙare, mu tashi.

Ni ma safiyo na karanta. Na riƙe siririn katakon zane mai lanƙwasa kamar tsumagiya, wanda ake dannewa da dalma, na koyi lissafin da ke karɓar 'yan wuraren da aka auna, ya shimfiɗa ƙasa a kansu da mafi ƙarancin lanƙwasa. Lissafin bai taɓa yi mini ƙarya ba. Abin da aka ba shi yake haɗawa. Tsakani kuwa zato ne mai kyan gani. Mai laifi shi ne wanda ya sayar da zaton a matsayin sani.

A ofishinmu na Birnin Kebbi aka kawo mini taswirar wata fadama kusa da Augie in sa hannu. Na ƙirga wuraren awon na ga ba su da yawa, na tambayi ko an ji ta bakin manoman.

Shugabana ya ce, "Malam Garba, su me suka sani?"

Na ajiye alƙalami. Wani ya sa hannu kafin la'asar, ni kuma aka mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori. Shekara huɗu na yi a can, kuma duk damina manoman sukan zo da kukan ruwa ya cinye musu gonaki, a turo su wurina.